Fodkas: Yaya makaho zai ji daɗin zane alhali an ce kar a taɓa?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurare. Daga nan Sakkwato muke, ni da Bello da Malam Umaru, wanda ke koyar da rubutun makafi kuma shi kansa bai gani tun yana yaro. Malam, Bello ne ya zo da rigima yau.

Bello: Ba rigima ba ce, Anti. Cewa na yi zane na ido ne. An ce gani ya kori ji, to wanda bai gani, me zai kai shi gidan adana kayan tarihi?

Malam Umaru: Ƙanena, miƙo min hularka. Yauwa. Wannan ɗinkin hannu ne, zaren ya yi tudu a nan, ga wurin da mai ɗinkin ya gaji ya fara sakin hannu. Kai da ke sanye da ita ka taɓa lura?

Bello: Wallahi ban taɓa ba.

Hadiza: To ka ji. A Turai ma an daɗe da gane haka. A 2015 gidan zane na Prado da ke Madrid ya sa aka sake buga zanuka 6 na manyan masu zane, aka yi musu tudu da kwari yadda yatsa zai bi fuska da tufafi. Aka haɗa da bayanin murya da rubutun makafi, masu gani kuma aka ba su tabarau mai rufe ido su gwada. A Ancona ta Italiya akwai gidan kayan fasaha na Omero, inda ake barin mutum ya taɓa, wanda wani makaho, Aldo Grassini, da matarsa, ita ma makauniya, suka assasa a 1993, don sun gaji da a riƙa ce musu kar su taɓa.

Bello: Amma wannan ai aikin kuɗi ne. Mu ina muka ga irin na'urorinsu?

Malam Umaru: Su da zanensu yake shafe a kan ƙyalle, dole su nemi na'ura. Namu fa? Dagin da ke jikin bangon soro tudu ne. Ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa, aska takwas a gaban babbar riga, faifai, tabarma, aikin dukawa a kan fatar jar akuyarmu da ta yi suna har Maroko, duk hannu na karanta su. Fatar ma kafin ka taɓa hanci ya gaya maka an jeme ta da bagaruwa. Rigar da ta sha baba tana da ƙamshinta, in an buga ta kuma tana da ƙararta idan mutum ya motsa. Ka bi ta Maƙera Assada, sautin guduma kaɗai zai faɗa maka ko fartanya ake yi ko ƙaramin abu. Matsalarmu ɗaya ce, da an ɗauko kayan an kai gidan tarihi sai a kulle su cikin gilashi.

Hadiza: Nan kam zan ɗan ja da kai, Malam. Tsoffin takardu irin waɗanda ke gidan tarihi na Waziri Junaidu, in kowa ya shafa, gumin hannu zai cinye su.

Malam Umaru: Gaskiyarki, Hajiya, ban ce a ba ni na asali ba. A sa masassaƙi ya kwafi zayyanar a jikin allo, ya zurfafa layukan. Sai dai ya rage ado. Ido yana ɗaukar abu gaba ɗaya lokaci guda, yatsa kuwa kaɗan-kaɗan yake bi, sannan ƙwaƙwalwa ta harhaɗa. In layuka suka cunkushe sai komai ya dagule. Shi ya sa Louis Braille, wanda ya ƙirƙiro rubutun makafi, ya tsaya a ɗigo 6, daidai abin da kan yatsa zai rufe.

Bello: To launi fa? Ja da shuɗi ba su da tudu.

Malam Umaru: Ana ba kowane launi irin tasa shimfiɗa, wannan santsi, wancan kaushi, a gaya maka tun farko. Kuma ka sani yawancin masu lalurar ido suna ɗan ganin haske ko launi mai ƙarfi, don haka kar a wanke kwafin ya zama fari fat. Sai mai bayani. Wani zai tsaya ya ce maka, kai, abin ya yi kyau! Me zan yi da wannan? Gaya min girmansa, me ke dama, me ke hagu, daga ina zan fara.

Hadiza: Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce.

Bello: Ni dai zan tambayi wani baduku a shiyyarmu ko zai bar ɗaliban Malam su zo rumfarsa ranar Asabar.

Malam Umaru: Ka ce masa ya ɓoye wuƙaƙensa, yarana ba abin da suke bari bai sha taɓawa ba.