Kwanciya ko Motsi: Abin da Masu Bincike Suka Gano Game da Masu Ciwon Daji

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, tare da abokin aikina Malam Auwal. Yau za mu tattauna a kan aikin masu binciken da suka shafe kusan shekara 40 suna bin diddigin tambaya guda, wato ko mai ciwon daji ya kamata ya kwanta ya huta, ko kuwa ya tashi ya motsa jikinsa.

Auwal: Barka dai, Malama Zainab. Wannan tambaya ta taɓa shigowa har cikin gidanmu. Lokacin da aka yi wa gwaggona tiyatar sankarar mama, aka fara ba ta maganin kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin cutar daji, mu duka mun haɗa baki a kan kada ta taɓa komai. Idan ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin ruwa, sai wani ya riga ta, idan kuma ta yunƙura za ta tashi, sai a ce ta zauna. Bayan wata uku, matar da ta saba yini a tsaye sai ta dafa bango kafin ta kai bakin ƙofa, kafaɗar gefen da aka yi aikin kuma ta sandare har ba ta iya taje kanta. Mun ɗora laifin duka a kan cutar, alhali kuwa da hannunmu a ciki.

Zainab: Allah sarki. Ai ba ku kaɗai ba ne, Malam Auwal, domin har likitoci da kansu shawarar da suke bayarwa ke nan shekaru masu yawa. Waɗanda suka fara ƙalubalantar ta ma'aikatan jinya ne guda biyu a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Maryl Winningham da Mary MacVicar. A ƙarshen shekarun 1980 suka ɗora matan da ke karɓar kemo saboda sankarar mama a kan keken motsa jiki na tsaye, sau uku a mako har tsawon mako goma, a lokacin da mutane da yawa ke ganin hakan ganganci ne. Sai aka tarar ƙarfin jikin matan ya ƙaru, tashin zuciyar da maganin ke haddasa musu kuma ya ragu.

Auwal: Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne batun gajiya. Ta yaya za a ce wa wanda ko tsayuwa ke yi masa wuya ya je ya ƙara gajiyar da kansa?

Zainab: Gajiyar mai ciwon daji ba irin wadda barci ke warkarwa ba ce. Idan mutum ya daɗe a kwance, tsokarsa tana zubewa, zuciya da huhu suna rage ƙwazo, sai ƙaramin aiki ya zame masa babba, shi kuma sai ya ƙara kwanciya, haka abin zai yi ta juyawa. A shekarar 2017 Karen Mustian da abokan aikinta suka tattara bincike 113 suka auna su wuri guda, suka ga motsa jiki da tallafin ƙwararru kan halin zuciya sun fi magunguna tasiri wajen rage wannan gajiya.

Auwal: Akwai kuma batun hannu, wanda shi ne ya fi tsorata mu. Idan an cire kaluluwar hammata yayin tiyata, ruwa kan taru a hannun ya kumbura, shi ya sa ake gargaɗin mata kada su ɗauki abu mai nauyi da shi har abada. Kathryn Schmitz, wadda a lokacin take Jami'ar Pennsylvania, ta gwada wannan gargaɗi a kan mata 141 da hannunsu ya riga ya kumbura. Rabinsu suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako na tsawon shekara guda, suna sanye da safar matse hannu, ana farawa da ɗan ƙaramin nauyi ana ƙarawa sannu a hankali. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna kumburin bai ƙaru ba, sannan tashin ciwon ya sami kashi 14 cikin 100 na masu ɗaga ƙarfen, alhali ya sami kashi 29 na waɗanda ba su ɗaga ba. Ranar da na karanta wannan, na daɗe ina tunanin kofin ruwan nan da muka hana ta ɗauka.

Zainab: Duk waɗannan sun shafi jin daɗin rayuwa ne, babbar tambayar da ta rage ita ce ko motsa jiki yana ƙara tsawon rai. An daɗe ana lura cewa masu motsa jiki bayan jinya sun fi daɗewa, amma lura kaɗai ba ta isa hujja ba, tunda mai yiwuwa ne waɗanda cutarsu ta fi sauƙi su ne suke samun ƙarfin fita tafiya tun farko. Dole sai an raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, sannan a bi su shekara da shekaru.

Auwal: Wannan shi ne aikin da Kerry Courneya na Jami'ar Alberta da Christopher Booth na Jami'ar Queen's, duka a Kanada, suka jagoranta, wanda ake kira CHALLENGE.

Zainab: Shi ne kuwa, kuma na fi son mu ɗan tsaya a kansa. Daga 2009 zuwa 2024 sun ɗauki mutum 889, akasari a Kanada da Ostiraliya, waɗanda aka yi wa tiyatar sankarar babban hanji kuma suka kammala kemo. Rukuni ɗaya aka ba shi takardun ilimantarwa kan amfanin motsa jiki da cin abinci mai kyau. Rukuni na biyu aka haɗa kowane mutum da mai horarwa na tsawon shekara uku, suna ganawa duk bayan mako biyu a shekarar farko, daga baya kuma sau ɗaya a wata. Abin da aka nema daga gare su bai wuce kwatankwacin tafiya da sauri ta minti 45 zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako ba. Da aka wallafa sakamakon a watan Yunin 2025, sai ga shi bayan shekara biyar kashi 80 cikin 100 na masu horon suna raye ba tare da cutar ta dawo ba, idan aka kwatanta da kashi 74 na masu takardu. Bayan shekara takwas kuwa, kashi 90 na masu horon suna raye, na masu takardu kuma kashi 83.

Auwal: Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne, rukunin farko ma an gaya musu su motsa jiki. Ke nan bambancin bai zo daga nasiha ba, ya zo ne daga samun mutumin da ke zama da majinyaci, ya tsara masa abin da zai iya, ya kuma tambaye shi bayan mako biyu yadda ta kaya. A ganina, asibitin da ya miƙa wa majinyaci takarda ya sallame shi bai gama aikinsa ba. Tun a 2018 ƙungiyar ƙwararru kan ciwon daji ta Ostiraliya ta nemi a sanya motsa jiki cikin tsarin jinyar kowane mai wannan cuta, a kuma tura shi wurin ƙwararre kamar yadda ake tura shi ɗakin gwaji.

Zainab: Su kuma masu binciken ɗakin gwaji suna can suna neman dalilin. A 2016 wasu masana a ƙasar Denmark suka nuna cewa ɓerayen da aka sanya wa keken gudu a kejinsu, ƙarin daji da ke jikinsu ya rage saurin girma da fiye da rabi, saboda gudun yana tura wasu ƙwayoyin garkuwar jiki zuwa cikin ƙarin. Ana kuma duba rawar da raguwar kumburin cikin jiki da daidaituwar sinadarin insulin, mai kula da yawan sukari a jini, ke takawa.

Auwal: Sai dai ya wajaba mu faɗa wa masu sauraro cewa motsa jiki ba ya maye gurbin tiyata ko kemo, domin duk mutanen binciken CHALLENGE sai da suka kammala maganinsu tukuna. Kuma yana da nasa haɗarin, tunda ciwon gaɓɓai da tsoka ya sami kusan kashi 19 na masu horon, ya sami kusan kashi 12 na sauran. Wanda cutar ta shiga ƙashinsa, ko jininsa ya yi ƙasa sosai, ko yake zazzaɓi, ko ƙafafunsa suka dushe saboda magani har ba ya jin ƙasa da kyau, dole likitansa ya duba shi kafin ya fara komai.

Zainab: To, ya aka ƙare da hannun gwaggo?

Auwal: Wata likitar gashin ƙashi ce ta tsayar da ita gaban bango, ta ce ta riƙa hawa da yatsunta sama kamar tafiyar tururuwa har inda za ta iya, sannan a yi alama da fensir a wurin. Kowane mako alamar tana ɗan matsawa sama, wani lokaci da faɗin yatsa ɗaya kawai. A wata na huɗu ta ɗauki mataji ta taje kanta da wannan hannun, mu kuma muna zaune babu wanda ya tashi ya karɓa.

Zainab: Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba duk masu jinya sauƙi. A shiri na gaba za mu duba horon da ake yi wa majinyaci kafin a shiga da shi tiyata. Mu kwana lafiya.