Rigar da na ɗinka da hannuna a Utrecht

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku matso ku ga wuyan rigar nan. Ni na yanka, ni na ɗinka, babu hannun tela a ciki, kuma tun safe nake juyi gaban madubi, murna ta hana ni zama.

Ɓacin rai ne ya kai ni ga haka. Watan jiya na ɗauki turmin atamfa na kai wa wata mai ɗinki a Amsterdam, a nan ƙasar Holan, doguwar riga kawai nake so, ko aiki babu a wuya. Ta ce Yuro 120, kuma sai bayan sati shida. Wallahi sai da na sake tambaya ko kunnena ne. A Kano da kuɗin nan ai na ɗinka kayan Sallah, nawa da na yara. Na naɗe kayana na fito. Kwana biyu bayan nan na shiga wani kantin gwanjo a unguwarmu, na tarar da tsohon keken ɗinki Singer na lantarki, Yuro 40. Ga shi nan a kan tebur, mai kawai na ɗiga masa na sauya allura.

Zare da yadin shafi kuwa a kasuwar ƙyalle ta titin Breedstraat a nan Utrecht na samo. Ranar Asabar kaɗai take ci, ƙarfe ɗaya na rana an watse, kuma tun 1597 ake cinikin yadi a wurin. Mutanen garin suna alfahari da ita ƙwarai, amma duk wanda ya taɓa ɓata a lungunan Kantin Kwari ya san layi guda a can ya haɗiye ta. Ƙamshin sabon yadi ne dai ya kama ni, na tsaya kamar in ji ɗan dako yana cewa a ba shi hanya. Ku kula, a kasuwar nan da mita ake awo. Turminmu yadi shida ne, wato kusan mita biyar da rabi, kada ku biya kuɗin abin da ba ku buƙata.

Wani abu kuma da har yau yake ba ni mamaki. Holandis ɗin nan da iyayenmu ke ɓoyewa a ƙasan akwatin lefe, a garin Helmond ake buga ta, kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a 1846. Awa ɗaya da ɗan wani abu a jirgin ƙasa daga inda nake zaune! Dabarar rinin ma daga batik na tsibirin Java aka kwaikwayo ta. Amma shekarata uku a ƙasar nan, ban taɓa ganin Baturiyar Holan ta ɗaura ta a titi ba. Mu muka ba ta daraja, mu muka san ranar da ake fito da ita.

To, salon fa? Sati biyu na yi ina leƙe-leƙe a Instagram har idona ya gaji. Duk ɗinkin biki ne, matsattse, ga duwatsu, ga jela tana jan ƙasa. Ni kuwa rigar da zan kai yara makaranta a kan keke nake nema, cikin iska da yayyafi. Sai ƙanwata ta turo min wani tsohon hoton kakarmu a Zariya, tana zaune a kan tabarma cikin bubu mai faɗin hannu, wuyan zagaye, da siririn surfani a gefensa. Na daɗe ina kallon hoton nan. Daga nan na ɗauko wuyan da hannun. Sauran kuma sanyin Holan ne ya tsara min: na sa shafi mai kauri, na yi aljihu biyu, na tsayar da tsawon a saman idon sawu, domin na taɓa ganin yadda sarƙar keke ta cinye bakin abayata.

Ga gargaɗina. Ku wanke yadin auduga kafin ku sa almakashi, yana tsukewa. Ku duba inda furen atamfa ya dosa kafin ku yanka baya, kada ya zo a kife. Wanda ya fi min ciwo shi ne takardun yanka da ake sayarwa a nan: wasu ba su bar wurin ɗinki ba, sai kin ƙara santimita ɗaya da rabi da kanki. Rigar gwaji ta farko haka ta ƙi shiga kafaɗata. A lokacin na ƙara ganin girman telolinmu, da tef da alli kawai mutum zai dube ki ya yanka, ta zauna ɗas.

Jiya da daddare na kira Umma ta bidiyo. Ba ta ce komai ba sai da ta sa na juya rigar, na kawo kalmasar ƙasa kusa da waya. Ta duba, ta duba, sannan ta ce, "Wannan ai wuyan rigar Hajiya ne." Sauran yadi ɗaya da rabi ya rage min, kuma 'yata ta riga ta ce nata ne, da aljihu irin nawa.