Allurar da ta gama aiki ba ta gama cizo ba

Wannan lacca ce da wani tsohon majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya yi wa ɗaliban aikin jinya a Zinder. An rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. An ce in yi magana kan allura da reza da sauran kayan kaifi, yadda suke ji mana ciwo mu ma'aikatan likita. Abu uku na shirya.

Na farko lissafi ne. Duk wanda allura ta soka, abin da ke fara faɗo masa a rai Sida. To ku saurara. In allurar daga jikin mai Sida ta fito, cikin mutum 1000 da ta soka kamar 3 ne ke kamuwa. Ciwon hanta na C, kamar 2 cikin 100. Amma ciwon hanta na B, epatit B, in ƙwayar ta yi yawa a jinin majiyyacin, kai kuma ba ka da riga-kafi, yana kaiwa 30 cikin 100. Talatin fa! Kuma ƙwayarsa tana kwana 7 da ranta cikin busasshen jini a kan tire. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 ma'aikatan lafiya 66,000 suka kamu da B ta wannan hanya, 16,000 da C, 1000 da Sida. Kun ga wanda muka raina shi ke cinmu.

To ta ina take sokanmu? Nan ne maganata take. Maida marfin allura! Ka gama pikir, marfi a hagu, sirinji a dama, kana saitin ramin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Wa ya aike ka? Yarinya mai jan kallabi tana dariya, wato jiya ma ta yi. (dariya) Ba laifinki ba ne ƴata, haka kika ga manya suna yi, mu ma haka muka tarar. Wai tsabta ce, wai kar a bar allura tsirara.

Ni ganau ne. Ina sabon aiki a wata ƙaramar likita ta ƙauye, lokacin damina, masassara ta cika ɗaki da yara, wasu biyu-biyu a gado. Gardi na kwana biyu ban runtsa ba, ga wuta babu, tocila a bakina. Na ɗebi jinin wani yaro, na zo maida marfi, uwar ta jawo mini riga tana "likita, ka duba ɗana", sai ji na yi tsit a babban yatsa. Me na yi? Na tsotse, na tofar, na ci gaba da aiki. Ban gaya wa kowa ba. Wata shida ina kallon idona a madubi ko ya yi ɗorawa, alamar ciwon hanta. Matata ta zaci kishiya nake nema. (dariya) Allah ya tsare, amma ba wayona ba ne.

Saboda haka kar ku maida marfi. Na sake faɗa, kar ku maida marfi. In ya zama dole, ajiye shi a kan tebur, ka zura allurar ciki da hannu ɗaya, ɗayan hannun ka kai shi bayanka kamar ɗan makaranta gaban mushe. Kuma kwalin zuba allura, wannan na lita 5, ka jawo shi kusa tun kafin ka huda mutum, inda hannunka zai kai ba ka ɗaga ƙafa ba. Tsakanin gado da kwali ake sokuwa. In ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe, ba a danna shi da yatsa kamar ana dunƙula fura. Safar hannu tana rage jinin da zai shiga, amma ba sulke ba ce. Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ji. Amma tsautsayin ne ya riƙe maka marfin?

Na nawa muke? Na huɗu... to na biyu ne, ku yi haƙuri. In ta soke ka: ruwa da sabulu nan take, kar ka matse, kar ka tsotsa irin nawa. Jiƙa yatsan cikin Dakin, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ko jabel da aka sirka, minti 5 aƙalla. Faɗa wa majo, a rubuta, a auna majiyyacin da yardarsa, kai ma a auna ka. Maganin kariya daga Sida a fara cikin awoyin farko, kar ya wuce awa 72, a sha kwana 28. B yana da riga-kafi, allura 3: yau, bayan wata 1, sai wata na 6. C ba shi da shi. Malam yana nuna mini agogo.

Na'am Hajiya?

Wata daga cikin masu sauraro ta ce: Baba majo, duk mu kuke wa magana. Masu shara fa?

Kai, Allah ya yi miki albarka, kin tuna mini abin da ya fi. Bahaushe ya ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Tamu cikin shara take, kuma marar rabo ke ɗauka. Kai da ka yi pikir ka san jikin wa ta fito. Maneber, mai shara, da ya rungumo ledar shara da asuba bai sani ba, mai wankin zannuwan gado ba ta sani ba, ba wanda za a je a auna. Ga yaran da ke tonon bola bayan katanga. Kuma in an zo yi wa ma'aikata riga-kafi, sau nawa ake sa sunansu a takarda? A servis ɗinku mutum nawa ke shara, Hajiya? Huɗu? To ki kawo mini sunayensu in mun fita, mu je wurin majonku tare kafin azahar.