Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kawo Ƙarshen Yaƙin Cacar Baka?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Takardarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram, wanda yake tambaya ko Amurka ce ta rusa Tarayyar Sobiyet, ko kuwa da kanta ta rushe.

To Malam, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu shakka Amurka ta matsa lamba, domin Shugaba Ronald Reagan, wanda ya hau mulki a 1981, ya ƙara kuɗin soji ƙwarai, kuma ƙasarsa ta riƙa bai wa mujahidan Afganistan makamai a yaƙin da ya ci sojojin Sobiyet kimanin 15,000 daga 1979 zuwa 1989. Amma tsagar tana cikin gida tun da daɗewa. Ƙasar da ta riga kowa kai mutum sararin samaniya a 1961 ita ce kuma take sayen hatsi mai yawa daga Amurka tun 1972, saboda gonakin gwamnati sun kasa ciyar da jama'a. Daga Mosko ake yanke wa kowace masana'anta adadin abin da za ta ƙera, shi ya sa shugaban masana'anta bai damu da ingancin kaya ba muddin lissafi ya cika a takarda, talakawa kuwa suna shafe sa'o'i a layi domin nama ko sabulu. Kuɗin man fetur ne ya daɗe yana rufa wannan asiri, sai farashin ganga ya faɗi warwas a 1986.

Mikhail Gorbachev ya karɓi ragamar jam'iyyar kwaminis a watan Maris na 1985 da niyyar gyara tsarin, bai zo domin binne shi ba. Ya ɓullo da manufar sake fasalin tattalin arziki da ta faɗar gaskiya a fili, wadda ya ƙara riƙe ta da ƙarfi bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Afrilun 1986, inda hukumomi suka fara da ɓoye wa jama'a girman bala'in. Sannan ya nemi sauke nauyin gasar makamai, har shi da Reagan suka sa hannu a watan Disamban 1987 kan yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango.

A ganina, Malam, babban dalilin yana ga abin da Gorbachev ya ƙi aikatawa. A 1956 tankokin Sobiyet sun murƙushe boren Hangari, a 1968 kuma suka shiga Cekoslobakiya, don haka kowa a gabashin Turai ya san cewa bindigar Mosko ce ke riƙe da gwamnatinsa. Da ya tabbata cewa tankokin ba za su sake fitowa ba, sai tsoro ya kau. A watan Yunin 1989 ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawan Poland, a Satumba Hangari ta buɗe iyakarta da Ostiriya ga mutanen Jamus ta Gabas, ranar 9 ga Nuwamba kuma katangar Berlin ta buɗe, sojojin Sobiyet suna cikin barikokinsu. Wannan kamun kai ya ceci rayuka masu yawa, ko da yake ya jawo wa mai shi baƙin jini a gida.

Daga nan iskar ta kaɗa cikin Tarayyar kanta. Lituweniya ta shelanta 'yancin kai a Maris 1990, masu ra'ayin riƙau suka yi yunƙurin juyin mulki a Mosko a Agustan 1991 bai yi nasara ba, lamarin da ya ɗaukaka shugaban Rasha Boris Yeltsin, sannan fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe a Yukren suka zaɓi ɓallewa. Ranar 25 ga Disamban 1991 Gorbachev ya yi murabus, ƙasa ɗaya ta zama ƙasashe 15.

Wata baiwar Allah daga Kumasi kuma tana tambaya me ya sa kwaminisancin Sin bai faɗi ba. Hajiya, shugabannin Sin sun bi wata hanya dabam, domin tun 1978 Deng Xiaoping ya fara sakar wa manoma da 'yan kasuwa mara, jama'a suka ga canji a tukunyarsu, amma jam'iyya ba ta saki linzamin siyasa ba. Da ɗalibai suka cika dandalin Tiananmen da ke birnin Beijing suna neman sauyi, sai aka tura musu sojoji a daren 3 zuwa wayewar garin 4 ga Yunin 1989, aka kashe mutane da dama, a ranar da mutanen Poland suke jefa ƙuri'arsu.