Yadda ƙwayar halitta ke rubuta tarihinta a cikin ADN

An kwafo wannan daga faifan laccar da aka yi wa ɗaliban kimiyyar halittu da ma'aikatan lafiya a Damagaram.

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, ƴan'uwa, sannunku da zuwa.

In kana son sanin abin da ke cikin ƙwayar halitta, sai ka fasa ta. Ka fasa ta kuwa, halin da take ciki a wannan lokacin kaɗai za ka gani. Abin da ya same ta makon jiya ya wuce ka. Shi ya sa masana suka nemi hanyar da ƙwayar za ta riƙa ajiye labarinta a cikin ADN, wanda wasu ke kira DNA, tunda yana daɗewa, kuma duk sanda ta rabu biyu ƴaƴanta na gadonsa.

Kayan aikin farko shi ne CRISPR-Cas9, wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012. Sassa biyu ne: furotin Cas9 mai yanka, da ARN mai ja-gora (wato RNA, ɗan'uwan ADN mai igiya ɗaya) wanda haruffansa 20 ke nuna wurin yankan. Dole bayan wurin a sami haruffa uku da ke ƙarewa da GG, kuma yankan na faɗawa haruffa uku kafin su. Ƙwayar kan yi hanzarin ɗinke wurin, wani lokaci ta zubar da ƴan haruffa ko ta ƙara wasu. Wannan tabon shi ne rubutun.

A 2016 ayarin Jay Shendure da Alexander Schier suka jera wuraren yanka 10 a cikin ADN na kifin zebra, suka zuba Cas9 tun ɗan tayin yana ƙwaya ɗaya. Da kifin ya girma suka karanta tabban: ƙwayoyin da tabonsu ya zo ɗaya, kakarsu ɗaya. Suka tarar yawancin ƙwayoyin kowace gaɓa daga kakanni ƙalilan suka fito.

To ku saurara da kyau, don nan ne aikin ke lalacewa. Idan Cas9 ya yanka wuri na 2 da na 7 lokaci guda, ƙwayar na iya haɗa bakunan biyu na waje, duk abin da ke tsakani ya ɓace har da tabban da aka riga aka rubuta. Sannan ɗinkin yana da hali: inda haruffan gefen yankan biyu suka yi kama, tabo iri ɗaya ke ta fitowa, sai ƙwayoyin da ba su haɗa kaka ba su zo kamar ƴan ɗaki ɗaya. Wuraren kuma kan cika da wuri, a kifin cikin awannin farko. Ga shi yawan yanka na tayar da furotin p53 mai sa ido kan lalacewar ADN, ƙwayar ta daina rabuwa ko ta mutu. Mafi muni a wurina, tabo ba ya gaya maka wanne ya riga wanne, alhali tarihi muke nema.

Mafita ta biyo bayan gyaran da ɗakin binciken David Liu ya fitar a 2019, wanda ke tsaga igiya ɗaya kawai daga igiyoyin ADN biyu, ya rubuta haruffan da ka zaɓa. A 2022 ayarin Shendure suka gina DNA Typewriter a kansa. Ana jera gurabe masu haruffa 14, duka guntaye ban da na farko, don haka shi kaɗai ke karɓar rubutu. Kowane rubutu haruffa biyar ne: biyu alamar abin da ya faru, uku kuma mabuɗi, GGA. Shigarsu na rufe wannan gurbin, ta cike gurbin gaba ya buɗe. Kamar littafin bashin ɗan kasuwar Dole ta nan Damagaram ne da ba a rubutu a layi na biyu sai na farko ya cika. Haruffa biyu na ba da alama 16, gurabe biyar kuwa jeri sama da miliyan ɗaya. Aibinsa jinkiri: ba kowace ƙwaya ke rubutawa a kan kari ba, kuma maimaitattun gurabe kan gajarce yayin kwafi da PCR, dabarar ninka ADN a ɗakin gwaji.

Yaya ake sa ta rubuta abin da ya faru? Ana ɗaure samar da ARN mai ja-gora da makunnin da ke tashi sai sigina ta zo, misali NF-kB na kumburi. Gwargwadon ƙarfin siginar, gwargwadon yawan ƙwayoyin da ke ɗauke da alamarta.

Tambaya daga wata ɗaliba: Malam, ana yin wannan a jikin mutum?

A'a, ƴata. A ƙwayoyin ɗakin gwaji ne, da kifi da ɓeraye. Abin da na fi so ku sa wa ido shi ne aikin ayarin Randall Platt na jami'ar ETH Zurik, a birnin Basel: a 2022 sun ba ɓeraye bakteriyar E. coli mai ɗauke da furotin Cas1 da Cas2, tana tafe cikin hanji tana mayar da guntayen ARN ɗinta ADN tana ajiyewa, aka karanta daga kashin ɓeran aka gane abincinsa da kumburin hanjinsa. Gare mu da tamowa da gudawa ke addabar yara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. ARN na son sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ADN kuwa 20 ya ishe shi, har yakan jure tafiya daga nan zuwa Yamai a busashe a kan takardar tacewa. Ku ƙware a cire ADN mai tsabta da PCR tun yanzu, da su ake fara karanta kowane irin wannan rubutu.