Jami'a mai biliyoyi, me ya sa take rufe ƙungiyar kokawa?

[Hoto: filin wasa cike maƙil, an ɗauko shi daga sama]

Ɗalibai ne fa ke wasa a nan. Filin jami'ar Michigan ke nan a Amurka, yana cin mutum sama da 107,000. Ƙwallon kuma tasu ce ta can, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna.

Tambayar da kuke ta turowa ita ce: tunda wasan nan na kawo kuɗi haka, me ya sa jami'o'in ke rufe ƙungiyoyin kokawa da ninƙaya da guje-guje?

Kuɗi kam suna shigowa. Gasar Big Ten, ɗaya daga manyan gasannin jami'o'in, ita kaɗai ta sayar wa gidajen talabijin wasanninta a kan sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai, daga 2023. Sai dai alƙaluman 2019 na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, sun nuna cikin jami'o'i 130 na rukunin sama, 25 kacal ne sashen wasanninsu ya samu fiye da abin da ya kashe. Sauran daga asusun makaranta ake cike musu giɓi, da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai, har wanda bai taɓa leƙa filin ba.

[Hoto: cikin ginin 'yan ƙwallo na jami'ar Clemson]

To ina suke tafiya? Ku kalla da idonku. An buɗe wannan a 2017, dala miliyan 55. Ga shagon aski. Ga ɗan filin golf. Wancan kuma, e, abin zamiya ne irin na yara, ƙarti ke hawa. A lokacin an hana biyan ɗalibi albashi, saboda haka da gini ake zawarcinsa. A 2023 kuma jami'ar Texas A&M ta sallami kocin ƙwallonta Jimbo Fisher da sama da dala miliyan 75. Allah Ya ba mu irin wannan korar.

Ita dai Clemson ɗin nan, a 2020 ta ce za ta rufe ƙungiyar guje-gujenta. Ta maza. Ku riƙe wannan, don a nan ne mutane ke ɓata lissafi.

[Allo: layi biyu, maza a dama, mata a hagu]

Akwai wata doka ta 1972 mai suna Title IX. Ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Hanyar da jami'a ta fi samun sauƙin kare kanta a kotu ita ce rabon guraben wasa ya yi daidai da rabon ɗalibanta. Mata kuwa sun fi maza yawa a jami'o'in Amurka. Shi ya sa da an rufe wasan maza sai ka ji ana cewa ai mata ne suka ja.

A yi haƙuri, mu yi lissafin a hankali. A ce jami'a na da gurbin maza 250, na mata 250. Ƙwallo ita kaɗai ta kwashe 110 daga layin maza, kuma babu wasan mata ko ɗaya mai cin mutane haka. Saura 140. Cikinsu za a fitar da 'yan kwando, 'yan kokawa, 'yan tanis, masu ninƙaya, masu gudu, kowa da kowa. Ranar da ma'auni ya karkata, shugaban wasanni na iya ƙara ƙungiyoyin mata, amma wannan sai an kashe kuɗi. Yana iya rage 'yan ƙwallo, amma wa ya isa ya tunkari koci da attajiran da ke ba da gudummawa? Sai ya waiwaya ya ga ƙungiyar da ba ta da mai tsaya mata.

Dokar ba ta ce a rufe komai ba. Kuma ku duba: kowace ƙungiya a NFL, gasar ƙwararrun ƙwallon nan, mutum 53 take riƙewa a jerin 'yan wasanta. Ni dai har yau ban ga abin da ya sa ɗalibai ke buƙatar ninkin haka ba.

[Hoto: ɗan kokawa cikin baƙar riga, babu tambari]

Shane Griffith ke nan a 2021. Jami'arsa Stanford ta ce za ta rufe wasanni 11 cikin 36, har da nasa, sai ya ci kambun ƙasa da rigar da ba sunan makaranta. Bayan wata biyu suka janye. Clemson ma ta janye, kuma da me mazan suka yi mata barazanar kotu? Da Title IX ɗin dai. Jami'ar Minnesota kuwa ta rufe tanis da wasan lanƙwasa jiki na maza, ba ta waiwaya ba.

Sauran a gurguje. A 2024 jami'ar UCLA da ke Kalifoniya ta koma Big Ten saboda kuɗin talabijin na ƙwallo. 'Yan ƙwallo sau ɗaya a mako suke wasa, amma sauran ƙungiyoyin ma sai su ratsa ƙasar daga Kalifoniya zuwa New Jersey, ga karatu na jira.

[Hoto: Tobi Amusan tana tsallake shinge]

Kada ku ce ina ruwanmu. Kafin Tobi Amusan 'yar Najeriya ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, a jami'ar Texas da ke El Paso aka horar da ita, a irin guraben nan da ake zabgewa.

A watan Yunin 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai-tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma kaso mafi tsoka na 'yan ƙwallo ne. An kuma sa wa kowace ƙungiya iyakar mutane: ninƙaya 30, guje-guje da tsalle-tsalle 45. Ita kuwa ƙwallo, yawan waɗanda za a iya ba tallafin karatu ya tashi daga 85 zuwa 105.