Kuɗin Wuta da Inshorar Gida a Legas: Yadda Magidanci Zai Yi Lissafinsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk magidancin da yake zaune a Legas, ko a Agege yake, ko a Idi-Araba, ko a unguwannin da ke kewaye da kasuwar Mile 12, ya san cewa naira 10,000 da yake zuba wa mita a yau ba ta kai shi inda take kai shi a da. Wanda kuma ya yi wa gidansa inshora, ya ga yadda kuɗin sabuntawa yake hawa. Tushen matsalolin biyu ɗaya ne. A shekarar 2023 aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai gas ɗin da tashoshin lantarki ke ƙonawa ya yi tsada, siminti da rodi da wayar wuta su ma suka bi sahu.

Bari mu fara da wuta. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da lantarki zuwa rukuni biyar, gwargwadon sa'o'in da aka yi alkawarin ba su wuta a rana. Rukunin A sa'a 20 ne, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 a kan kowane yunit zuwa naira 225, aka sauko da shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yuli. Idan aka haɗa da harajin kashi 7.5 cikin ɗari, naira 10,000 da take sayen yunit kusan 137 ta koma sayen kusan 44.

Saboda haka abu na farko shi ne mutum ya san rukuninsa, ya duba rasitinsa ko takardar bil. Ikeja Electric ne yake kula da ɓangaren Agege da Oshodi da Ikorodu, kamfanin Eko kuma yake kula da Mushin da Apapa da Lekki. Idan ana cajin ka farashin rukunin A amma wutar ba ta kai sa'a 20 ba, ka ware littafi kana rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka kawo, domin ƙa'idar da aka fitar tare da ƙarin farashin ta tanadi a sauke layin daga rukunin idan kamfani ya gaza kwana bakwai a jere. Ana fara kai koke ga ofishin kamfanin a rubuce, idan bai saurara ba a wuce gaba zuwa hukuma. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwarsu, kuma Legas ta kafa tata hukumar mai suna LASERC. Koken da maƙwabta goma suka sa wa hannu ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Wanda har yanzu ake kawo masa bil na ƙiyasi, neman mita mai kati ya fi masa komai muhimmanci, domin ba za ka iya rage abin da ba a auna maka ba. A gidan haya da ake haɗa mita ɗaya, ƙaramar mita a kowane ɗaki tana kashe rigimar da ake yi duk ƙarshen wata tsakanin mai firiza da mai fanka ɗaya.

Yanzu mu zo kan abin da yake cin kuɗin. Mutane da yawa suna bin yara da faɗa a kan ƙwan fitila, alhali ƙwan LED mai wat 9 sai ya yi sama da sa'a 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Kayan da suke ɗumama abu ko sanyaya shi su ne masu haɗiye kuɗi. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kimanin kilowat 1.1, wato idan ya yi sa'a takwas yana aiki, ya ci kusan yunit 9, kusan naira 2,000 a dare ɗaya a farashin rukunin A na Yulin 2024, kusan naira 60,000 a wata. Fankar sama a cikin waɗannan sa'o'in ba ta kai yunit ɗaya ba. Ba muna cewa a kwana cikin zafin watan Maris ba ne, amma a kunna esi ya sanyaya ɗaki na sa'a biyu, a rufe ƙofa da taga, sannan fanka ta karɓa. Dutsen guga da hitar ruwan wanka suna jan wat 1,000 ko fiye, don haka a tara guga a yi lokaci ɗaya, a dafa ruwa a kan gas. Firjin da robar ƙofarsa ta saki kuwa, yini yake yana aiki ba hutu.

Sola da inbata mafita ce ga mai hali, sai dai a fara da lissafin kayan da za ta ɗauka, kuma a sa kuɗin canja batir a cikin lissafin tun farko.

A nan ne maganar wuta take haɗuwa da maganar inshora. Idan kuɗi ya yi tsanani, wasu sukan kira mai gyara ya zagaye mita, ko su ja siririyar waya zuwa janareta, ko su ajiye jarkar fetur a lungun kicin. Zagaye mita laifi ne a doka, kuma irin wannan haɗin yana cikin abubuwan da ke haddasa gobara. Idan gobarar ta tashi, mai binciken kamfanin inshora zai duba daga inda ta fara, kuma haɗin haram na iya zama dalilin ƙin biyan diyya.

Kuɗin inshorar gida yana tashi ne musamman saboda ana lissafa shi a kan abin da za a kashe a sake gina gidan, ba a kan abin da aka kashe lokacin da aka gina shi ba. Buhun simintin da ake saye kusan naira 5,000 ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Kuskuren da ya fi tsada shi ne mutum ya bar tsohon adadi a takarda don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Ga misali. Gidan da sake gina shi zai ci naira miliyan 40, aka yi masa inshorar miliyan 20. Gobara ta yi ɓarnar miliyan 10. Mai gidan yana sa ran a biya shi miliyan 10 tunda bai kai adadin da ke takarda ba, amma kamfani zai ce rabin gidan kawai aka yi wa inshora, don haka rabin asara zai biya, wato miliyan 5. Wannan sharaɗi yana cikin yawancin takardun inshorar gobara, kuma kaɗan ne suke karanta shi kafin ranar baƙin ciki.

Akwai hanyoyin rage kuɗin da ba su da wannan haɗari. Kada a sa kuɗin fili a cikin adadin, domin fili ba ya ƙonewa, kuma a Legas sau da yawa fili ya fi ginin da ke kansa tsada. A nemi farashi daga kamfanoni biyu ko uku, a tabbatar kowanne yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Mutum yana iya amincewa ya ɗauki ƙananan asarori da kansa, kamfani ya rage masa kuɗin shekara. Abin da bai kamata a cire ba a wannan gari na ruwa shi ne kariyar ambaliya, kuma a tambaya a ji ƙarara ko tana ciki, domin inshorar gobara zalla ba ta ɗauke ta. A kuma biya a kan lokaci, tunda ƙa'idar Najeriya ita ce idan ba a biya ba, babu kariya.

Ɗan haya ya sani cewa inshorar mai gida gini take karewa, ba katifarsa da talabijin ɗinsa ba, kuma yana iya yi wa kayansa tasu daban. Waɗanda suke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca kuma suna da takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna gudanar da shi. A tsarinsa mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda asara ta sama, idan an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ko wanne mutum ya zaɓa, ya ɗauki hoton ɗakunansa da rasitan manyan kayansa a waya, ya tura wa wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya suke ba, domin ranar neman diyya su ne abin farko da za a tambaye shi.